Darasi na 9: Jinyar Yaro Mai Doguwar Lalura da Tsaya Masa a Yankin Washington

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin wane ne yaro mai lalura mai sarƙaƙiya;
2. haɗa fayil ɗin yaro da taƙaitaccen bayaninsa na shafi ɗaya;
3. neman tafinta da yi wa likita tambaya ba tare da jin nauyi ba;
4. bayyana yadda Medicaid ke biyan kuɗin jinya, da lissafa kwanakin ɗaukaka ƙara;
5. sanin haƙƙin yaro a makaranta da inda haƙƙin ya samo asali.

An shirya darasin ne don iyaye da kakanni da 'yan uwa mazauna birnin Washington da garuruwan Maryland da Virginia da ke kewaye da shi. Ba zai tsaya a madadin shawarar likita ko ta lauya ba.

1. Wane yaro ake nufi?

Kowane yaro yana mura, yana zazzaɓi, ya warke. Ba shi ake nufi ba. Ana maganar yaron da lalurarsa ta zauna, ta taɓa sashe fiye da ɗaya na jikinsa, har yake buƙatar likitoci da yawa da kulawa ta kullum a gida. Ga bakwainin da huhunsa bai yi ƙwari ba, aka sa masa bututun numfashi a wuya. Ga yarinyar da ta samu rauni a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, tana farfaɗiya, ba ta iya haɗiya sai an ciyar da ita ta bututun ciki. Ga kuma mai sikila wanda ciwon ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki, ana ƙara masa jini duk wata.

Irin waɗannan yara ba su kai ɗaya cikin ɗari na yaran Amurka ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ake kashewa kan lafiyar yara a kansu yake tafiya. Shi ya sa duk mai biya, gwamnati ce ko kamfanin inshora, yake ƙwanƙwasa kowane abu kafin ya amince, kuma shi ya sa iyayensu suka fi kowa shan wahalar takardu.

> Akwatin kalmomi
> Lalura mai sarƙaƙiya: doguwar rashin lafiya mai tsanani da ta shafi sassan jiki da dama, wadda ke buƙatar ƙwararru da yawa, wani lokaci har da na'urori a gida.
> Mai jinya: wanda ke ɗawainiya da mara lafiya dare da rana.
> Tsaya wa yaro: yin magana da rubutu a madadinsa har ya samu abin da doka da lafiyarsa suka wajabta.

Yankin Washington bai rasa ƙwararru ba. Akwai asibitin yara na Children's National da ke kan titin Michigan, wanda aka kafa tun 1870. Akwai asibitin yara na Inova a gundumar Fairfax, da cibiyar Kennedy Krieger da asibitin Johns Hopkins a Baltimore, da cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa a Bethesda. Jami'ar Howard tana da cibiyar sikila wadda Dakta Roland Scott ya kafa a farkon shekarun 1970. Matsalar ita ce kowane ƙwararre sashensa kawai yake dubawa. Likitan zuciya ya ga yaron na minti ashirin, likitan huhu ma haka, kuma mai yiwuwa ne ɗaya bai karanta abin da ɗayan ya rubuta ba. Wanda ya ga yaron da ƙarfe uku na dare yana shaƙewa, uwarsa ce ko ubansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka iyaye ba 'yan rakiya ba ne a wannan jinya, su ne kaɗai suke riƙe da labarin gaba ɗayansa.

2. Gari ɗaya, dokoki uku

Daga Silver Spring zuwa tsakiyar Washington zuwa Alexandria, jirgin Metro ne zai kai ku, amma kun ratsa hukumomi uku. Birnin Washington yana da nasa tsarin Medicaid da na makarantu, Maryland tana da nata, Virginia ma haka. Adireshin da yaro ke kwana shi ke yanke wane tsari ya hau kansa, ko da a wani ɓangaren ake duba shi.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, kafin ku tashi daga haya a birni ku koma Hyattsville saboda sauƙin kuɗin gida, ku fara tambayar me zai faru da nas ɗin da ke zuwa gida da kayan aikin yaron. Medicaid ba ya bin mutum ya tsallake iyaka. Sai an sake nema daga farko, kuma wani shirin yana da layin jira.

3. Fayil ɗin yaro

Ku sayi babban fayil mai zobba, ku raba shi gida-gida: sakamakon gwaje-gwaje, takardun sallama daga asibiti, jerin magunguna, wasiƙun inshora, takardun makaranta. A gaba ku sa littafin waya, inda za ku riƙa rubuta ranar da kuka kira wani ofis, da sunan wanda ya ɗauka, da abin da ya ce. Wasiƙar inshora kuwa a ajiye ta har da ambulan ɗinta, domin tambarin gidan waya da ke jiki yana iya zama shaida.

Abu mafi daraja a fayil ɗin shi ne shafi na farko. Ranar da aka kwashi yaro zuwa sashen gaggawa, likitan da zai karɓe shi bai san shi ba, ku kuma hankalinku a tashe yake. Shafi ɗaya tak, da Turanci, wanda likitan yaron ya duba ya amince, zai yi magana a madadinku. A ciki a rubuta sunayen cututtuka, magunguna da awonsu, abin da jikinsa ba ya karɓa, girman bututun wuya ko na ciki, nauyinsa, da yadda yake a ranar da yake lafiya. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. Idan yaro dama ba ya magana, baƙon likita ba zai gane cewa yau ya fi kullum yin laushi ba sai an faɗa masa. Ku ɗauki hoton shafin a waya, ku ba duk wanda ake bar wa yaron.

Ku sani kuma cewa wata dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba mara lafiya, ya yi masa abin da zai tsamo shi daga haɗari, ko da kuɗi ko babu. Ba a cewa sai an yanki kati an biya kafin a taɓa yaro. Idan numfashi ya tsaya ko jijjiga ta ƙi tsayawa, 911 ake kira, ba a tsayawa lissafi.

Misali na 1: awo iri biyu. A ce an auna wani yaro mai sikila a asibiti aka ce fam 33. Yawancin magungunan yara bisa kilo ake lissafa su. Kilo ɗaya ya yi daidai da kusan fam 2.2, saboda haka 33 a raba da 2.2 ya ba da kilo 15. Idan aka rubuta 33 a gurbin kilo, maganin zai ninka fiye da sau biyu. Shi ya sa a shafin farko ake rubuta nauyi da kilo ƙarara. Haka zafin jiki: wanda ya saba da ma'aunin gida ya san 38.5, amma ma'aunin da ake sayarwa a nan zai nuna 101.3. Ga mai sikila, zazzaɓin da ya kai nan na gaggawa ne, ba a ba shi farasitamol a jira gari ya waye. Maganin ruwa kuma da sirinjin awo ake ba da shi, ba da cokalin shayi ba.

4. Kunya da kawaici a gaban likita

An rene mu a kan cewa ba a musu da babba, ba a tsare malami da ido, kuma yawan tambaya rashin ta-ido ne. A gida wannan tarbiyya ce. A ɗakin likita a Amurka, shiru yarda ne, haka ake rubuta shi. Idan uwa ta sunkuyar da kai ta ce "to" don girmamawa, likita zai rubuta cewa an yi wa iyaye bayani sun fahimta sun amince. Babu wanda ya yi mugunta, amma yaron ne zai kwana a ciki.

Mataki na farko shi ne tafinta. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana wuraren da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda asalin ƙasar mutum, kuma a kan wannan ne asibitoci ke samar da tafinta kyauta. Birnin Washington ya ƙara da tasa dokar ta 2004, wadda ta shafi ofisoshin gwamnatin birnin. Tafintan Hausa galibi ta waya ko ta bidiyo ake samunsa, don haka ku nema tun ranar da ake ba ku lokacin ganin likita. Ko kuna jin Turancin kasuwa da na wurin aiki, Turancin tiyata daban ne, neman tafinta ba kasawa ba ce. Kada a sa yayan yaron ɗan shekara goma sha biyu ya fassara. Zai tsallake abin da bai gane ba, zai kuma ji abin da bai kamata yaro ya ji game da ƙaninsa ba.

Misali na 2: tambayoyi uku. Likita ya ce za a ƙara wa yarinya sabon maganin farfaɗiya. Uwar ta ce ta bakin tafinta:

"Likita, don Allah ina da tambaya uku. Me wannan maganin zai yi wanda na da bai yi ba? Wace alama zan gani in san bai karɓe ta ba? Idan na gan ta da dare, wa zan kira?"

Bayan ya amsa sai ta ce, "Bari in maimaita abin da na fahimta, idan na yi kuskure a gyara mini." Ta maimaita, aka gyara mata awo ɗaya, ta nemi a rubuta mata. Ku lura, ba ta ɗaga murya ba, ba ta raina kowa ba, kuma ba ta fita da shakka a zuciyarta ba.

Sai maganar magungunan gida, wadda ta fi kowace wuyar faɗa. Kaka ta aiko da saƙo daga Katsina ko Maraɗi, ta kuma kira tana tambaya ko an ba shi. Addu'a da tofi ba su ci karo da maganin asibiti ba, asibitocin yankin ma suna da masu kula da al'amuran addini, kuna iya neman a kira muku liman. Amma duk abin da zai shiga cikin yaro, jiƙo ne ko gari ko mai, a nuna wa likita tukuna, musamman idan ta bututu ake ciyar da shi. Zuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Kwalli ma akwai hattara: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da dalma ta shiga jininsa, aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Ga kakar kuwa, ana iya cewa, "Hajiya, saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Likitansa ya ce hanjinsa ba ya ɗaukar komai sai abin da suka auna. Addu'arku muka fi buƙata."

A sani kuma, doka ta wajabta wa likitoci da nas-nas da malaman makaranta su kai rahoto idan suka yi zargin ana sakaci da lafiyar yaro. Yawan fashin zuwa asibiti ba bayani, ko tsayar da magani da kanku, ana iya fassara shi haka. Idan ba za ku samu zuwa ba, ku kira, ku faɗi dalili, ku karɓi wata rana.

5. Wa zai biya?

Jinyar irin wannan yaro ta fi ƙarfin albashi kowane iri. Ko mai inshora ta wurin aiki yakan tarar ba ta biyan nas a gida na sa'o'i masu yawa. A nan Medicaid ke shigowa.

> Akwatin kalmomi
> Medicaid: inshorar lafiya ta haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da jihohi, wadda aka kafa a 1965.
> EPSDT: ƙa'idar Medicaid ga duk wanda bai kai shekara 21 ba. Ta wajabta biyan duk hidimar da dokar Medicaid ta tarayya ta lissafa, muddin yaron yana buƙatarta don gyara lalurarsa ko sassauta ta, ko da jihar ba ta biya wa manya. A Washington ana kiran shirin HealthCheck, a Maryland kuma Healthy Kids.
> Wasiƙar buƙatar lafiya: takardar da likita ke rubutawa yana bayanin dalilin da ya sa yaro ba zai yi ba sai da wani magani ko na'ura ko hidima.

A kula da kalmar sassautawa a ma'anar EPSDT. Ba sai hidima za ta warkar da yaro ake biyanta ba. Gashin ƙashi da zai hana gaɓɓai ƙara sandarewa ya shiga ciki, ko da yaron ba zai taɓa takawa ba.

Iyaye da yawa suna cewa, "Ai mu albashinmu ya wuce na Medicaid," su haƙura. Kafin ku haƙura, ku ji labarin Katie Beckett. An haife ta a 1978 a garin Cedar Rapids na jihar Iowa. Tana 'yar watanni ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ya kama ta, ya bar ta tana dogara da na'urar numfashi. Bayan shekara uku likitoci suka ce za ta iya komawa gida, sai doka ta tare hanya. Muddin tana kwance a asibiti, Medicaid na biya. Da ta koma gida, za a lissafa albashin iyayenta a ce ba ta cancanta ba, alhali jinyar gida kusan kashi ɗaya cikin shida ce ta kuɗin asibiti. Mahaifiyarta, Julie Beckett, ta kai kuka wurin ɗan majalisarsu Tom Tauke, maganar ta kai ga mataimakin shugaban ƙasa George Bush, daga nan ta kai ga Shugaba Ronald Reagan, wanda ya ambace ta a taron manema labarai ranar 10 ga Nuwamba, 1981. A watan Disamba Katie ta koma gida. A 1982 majalisa ta ba jihohi damar duba abin da yaron kansa ya mallaka, a bar na iyaye gefe, idan lalurarsa ta kai ta kwanciya a asibiti ko gidan jinya. Katie ta yi karatun jami'a, ta rayu har 2012, ta rasu tana da shekara 34.

Birnin Washington ya ɗauki wannan dama, har yau ana kiran shirin da sunanta. Birnin yana kuma da tsarin inshorar Medicaid na musamman mai suna HSCSN, don yara da matasa masu nakasa har zuwa shekara 26, wanda ke haɗa iyali da jami'in da zai riƙa daidaita musu hidimomi. Maryland tana da Model Waiver don yara masu dogara da kulawar nas, gurabensa kaɗan ne, sai kuma shirin REM na cututtuka masu wuyar samu da tsada. A Virginia, wanda ya fi shafar waɗannan yara shi ne CCC Plus Waiver. Ku riƙe waɗannan sunaye yadda suke, domin da su za ku tambaya. Wanda za ku fara tambaya shi ne jami'in jin daɗin jama'a na asibitin, kuma tun yaro yana kwance, kafin a sallame shi.

Wanda maganar takardun zama ta shafa, ya ga lauyan shige da fice kafin ya cike fom ko ya janye yaronsa daga wani shiri. Waɗannan ƙa'idoji suna canzawa, kuma saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ba lauya ba ne.

6. Idan an ce a'a

Za a ce a'a, ko ba yau ba. Za a ƙi biyan keken guragu, ko a rage sa'o'in nas. Amsar farko ba hukuncin ƙarshe ba ce, amma agogo yana fara tafiya daga ranar da ke kan wasiƙar, ba daga ranar da kuka buɗe ta ba.

> Akwatin kalmomi
> Ɗaukaka ƙara: neman kamfanin inshora ya sake duba shawarar da ya yanke.
> Zaman sauraro: gabatar da ƙorafi gaban alƙalin hukuma wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne.

Ga masu Medicaid ta hannun kamfani, ƙa'idar tarayya ta ba da kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Kamfani yana da kwana 30 ya amsa, ko sa'a 72 idan jinkiri zai jefa lafiyar yaro cikin haɗari kuma aka nemi a gaggauta. Idan ya sake ƙi, sai a nemi zaman sauraro na jiha ko na birni. Akwai kuma wani ɗan gajeren wa'adi da mutane da yawa ba su sani ba: idan hidimar da ake bayarwa ce za a rage ko a yanke, kuka nemi a ci gaba da ita cikin kwana 10, ana ci gaba da bayarwa har a gama shari'ar. Idan aka yi rashin nasara ana iya neman a mayar da kuɗin wannan tsakanin, don haka a nemi shawara.

Misali na 3: lissafin kwanaki. Wani yaro mai bututun wuya yana samun nas sa'a 8 kowane dare, wato sa'a 56 a mako. Wasiƙa mai ɗauke da kwanan wata 3 ga Maris ta ce za a mayar da su 40. An rage sa'a 16 ke nan, dare biyu cur da iyaye za su kwana a zaune suna zuƙe majina, su wayi gari su tafi aiki. Kwana 10 daga 3 ga Maris ya kama 13 ga Maris. Kwana 60 ya kama 2 ga Mayu. Uban bai jira Mayu ba. A ranar ya kira ofishin likita ya nemi wasiƙar buƙatar lafiya. Uwar ta fito da littafin da take rubuta sau nawa ake zuƙe majina kowane dare. Suka aika 'yar gajeriyar takarda: sunan yaro da lambarsa, ba mu yarda da shawarar 3 ga Maris ba, muna ɗaukaka ƙara, muna neman a ci gaba da sa'a 56 har a yanke hukunci, muna kuma neman kwafin duk takardun da aka dogara da su. Suka ajiye kwafi da shaidar aikawa.

Ba dole ne ku yi wannan ku kaɗai ba. A Washington akwai ofishin gwamnati mai sauraron koken masu inshorar lafiya, akwai Children's Law Center mai ba iyalai masu ƙaramin ƙarfi lauyoyi kyauta, da ƙungiyar Advocates for Justice and Education mai horar da iyaye. Takwarorinta su ne Parents' Place of Maryland da PEATC a Virginia.

7. Makaranta

Haƙƙin yaro mai nakasa na shiga makarantar gwamnati a Amurka, a wannan birni aka kafa ɗaya daga cikin tubalansa. A farkon shekarun 1970 an shigar da ƙara a madadin yara bakwai da makarantun Washington suka kora ko suka ƙi ɗauka, shari'ar da ake kira Mills. Hukumar makarantun da kanta ta taɓa kiyasta cewa yara masu nakasa 12,340 ba za su samu karatu ba a shekarar karatu ta 1971 zuwa 1972. Uzurinta shi ne babu kuɗi. A watan Agusta na 1972 Alƙali Joseph Waddy ya ce rashin kuɗi ba hujja ba ce: idan kuɗin bai isa ba, a raba ƙarancin ga kowa, kada nauyinsa ya faɗa kan yara masu nakasa fiye da sauran. Bayan shekara uku, a 1975, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar tarayya wadda tun 1990 ake kira IDEA.

> Akwatin kalmomi
> IEP: rubutaccen tsarin karatu na yaro ɗaya, daga shekara 3 zuwa 21, wanda iyaye da makaranta ke zama su tsara, a kuma sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara.
> Tsarin 504: sassaucin da makaranta ke yi wa yaron da lalura ke shafar zamansa a makaranta, ko da ba ya buƙatar koyarwa ta musamman. Sunan daga sashe na 504 na wata dokar 1973 ne.

Kafin shekara uku ma akwai taimako: Strong Start a Washington, shirin jarirai da ƙananan yara na Maryland, da makamancinsa a Virginia. Iyaye da kansu suna iya kira, ba sai likita ya tura su ba, kuma doka ta ba da kwana 45 a auna yaron a yi zaman tsara masa hidima.

Makaranta ba za ta ce yaro ya zauna a gida don yana da bututu ba. A 1999 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Garret F., ɗalibi mai dogara da na'urar numfashi, cewa dole makaranta ta samar masa mai kula da shi tsawon yinin karatu. Shi ma, abin mamaki, ɗan Cedar Rapids ne, garin su Katie Beckett.

A zaman IEP iyaye mambobi ne kamar kowa a teburin. Kuna da ikon neman tafinta, da zuwa da wanda ya san yaron, da tafiya gida da takarda ku karanta kafin ku ba da amsa. Idan kuka nemi abu aka ƙi, ku ce a rubuta muku ƙin da dalilinsa, doka ta wajabta hakan. Neman a auna yaro kuwa a rubuce ake yi da kwanan wata. Maganar bakin ƙofa da malamar aji, komai daɗinta, ba ta tayar da agogon doka.

Misali na 4. Yarinya mai sikila tana ƙoƙari a aji, ba ta buƙatar IEP. Amma tsarin 504 zai iya ba ta damar riƙe gorar ruwa, da fita bayan gida ba tare da neman izini ba, da zama a ciki ranar tsananin sanyi, da rama jarrabawar da ta wuce ta tana asibiti, da umarnin a kira iyaye nan take idan jikinta ya yi zafi.

8. Wuta, aiki da hutun mai jinya

Wanda ya baro gida yakan ɗauka ya rabu da ɗauke wuta. Guguwar 29 ga Yuni, 2012 ta bar gidaje sama da miliyan ɗaya a wannan yanki cikin duhu, wasu har mako guda, ana tsakiyar zafi. Idan yaronku yana dogara da na'ura, ku yi rajista da kamfanin wutarku. Kamfanin wuta na Pepco, alal misali, yana da shirin sanar da irin waɗannan gidaje kafin a yanke wuta don gyara ko idan ana hasashen guguwa, amma rajistar ba alkawarin fara dawo muku da wuta ba ce. Ku san sa'a nawa batirin kowace na'ura yake yi, ku kuma san inda za ku nufa kafin ya mutu.

Game da aiki, dokar tarayya ta 1993 ta ba ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa hutun mako 12 a shekara don jinyar ɗansa, ba albashi amma ba kora, kuma ana iya ɗaukarsa gutsi-gutsi. Masu aiki a kamfanonin cikin birnin Washington suna da ƙarin shirin hutu mai biya har mako 12, ko da a Maryland ko Virginia suke kwana.

A al'adarmu jinya takan faɗa kan uwa, a nan kuma babu gwaggo ko maƙwabciya da za ta karɓe ta. Wajibi ne aƙalla mutum biyu a gida su iya canza bututu da ba da magani, uba na cikinsu. Ɓoye yaro don gudun bakin mutane ma yana rufe ƙofar taimako. 'Yan uwa a masallaci ko coci ba za su kawo abinci ko su ɗauko sauran yara daga makaranta ba idan ba su san halin da ake ciki ba.

9. Daga ɗakin jinya zuwa majalisa

Dokar lafiya ta 2010 ta hana kamfanonin inshora ƙin ɗaukar mutum saboda ciwon da yake da shi, ta kuma hana su sa iyakar kuɗin da za su kashe masa a tsawon rayuwarsa. A 2017 majalisa ta tashi soke dokar da rage kuɗin Medicaid. A watan Yuni na shekarar wasu iyalai ƙalilan na wannan yanki, ƙarƙashin jagorancin iyaye mata biyu, Elena Hung da Michelle Morrison, suka ɗauki 'ya'yansu da na'urorinsu da jakunkunan gaggawa suka shiga ofisoshin sanatoci ɗaya bayan ɗaya. Suka kira kansu Little Lobbyists. Dabararsu ita ce ɗan majalisa ya ga yaron da idonsa yana wasa a kan kafet ɗin ofishinsa kafin ya kaɗa ƙuri'a. Da asubahin 28 ga Yuli, 2017 ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 51 da 49, bayan sanatoci uku na jam'iyyar Republican, John McCain da Susan Collins da Lisa Murkowski, sun ƙi goyon baya. Ƙungiyoyi da yawa ne suka yi wannan fafutuka, ba su kaɗai ba. Maganar kuma ba ta mutu ba: dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 an kiyasta za ta rage kuɗin Medicaid na tarayya da sama da dala biliyan 900 cikin shekara goma.

Mazauna birnin Washington ba su da sanata, wakilinsu a majalisar wakilai ma ba ya da ƙuri'a a zauren. Amma majalisar birnin mai kujeru 13 tana zaman sauraron jama'a kan kasafin kuɗi kowace shekara, kuma kowane mazauni yana iya yin rajista ya yi magana na 'yan mintoci. Majalisar Maryland tana zama a Annapolis kwana 90 daga Janairu, ta Virginia kuma a Richmond.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da suka bambanta yaro mai lalura mai sarƙaƙiya da yaron da ya yi rashin lafiya ya warke.
2. Iyali suna shirin tashi daga Washington su koma Alexandria. Me ya kamata su bincika kafin su sa hannu a takardar haya?
3. An auna yaro fam 44. Kilo nawa ke nan?
4. Me ya sa bai dace yayan mara lafiya ya zama tafinta ba?
5. Wace matsala ce ta hana Katie Beckett komawa gida, kuma me dokar 1982 ta canza?
6. Wasiƙar rage sa'o'in nas tana ɗauke da 5 ga Satumba. Yaushe wa'adin kwana 10 zai cika, yaushe kuma na kwana 60?
7. Wane uzuri hukumar makarantun Washington ta kawo a shari'ar Mills, kuma me Alƙali Waddy ya ce a kai?
8. Bambanta IEP da tsarin 504, ka ba da misalin yaron da ya dace da kowanne.
9. Aikin aji: ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama likita, ɗaya ya zama uwa ko uba, ku gwada tambayoyi ukun Misali na 2 a kan wani magani dabam.
10. Aikin gida: rubuta taƙaitaccen bayanin shafi ɗaya na wani yaro da ka ƙirƙira, ka kawo shi darasi na gaba.